Ƙaura zuwa Madrid da yara uku: inda aka kwana

Lahadi, 14 ga Yuli, 2024, Kano

Biza ta fito ranar Alhamis, mu biyar duka. Malam, maigidana, ya samu kwantiragin bincike na shekara uku a wata cibiya da ke Madrid, kuma dokar Sifaniya ta 2013 da ta shafi masu bincike ta ba da damar a nema wa mata da yara izini a lokaci guda, ba sai miji ya je ya shekara sannan ya aiko ba. Wannan ne ya sa na yarda. Na ajiye aikin koyarwa bayan shekara tara ina koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata.

Na fara rubutun nan ne saboda da muka tashi nema ban samu wata Bahaushiya da ta rubuta yadda abin yake ba, sai labarin Ingila da Saudiyya.

Abin da ya ci mana wata huɗu shi ne takardu. Aurenmu a masallacin unguwa aka ɗaura shi, da waliyyai da shaidu da goro, babu wanda ya yi zancen satifiket. Sai da muka je aka yi mana. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ke sa hatimi ɗaya ya wadatar, don haka kowace takarda, ta aure da ta haihuwar yara, sai an buga mata hatimi a ma'aikatar harkokin waje a Abuja, a kai wa jami'an Sifaniya su buga nasu, sannan tafintan da gwamnatinsu ta rantsar ya fassara. A tsakiyar haka aka gano sunan kakan yara an rubuta shi da "u" a takardar haihuwar na tsakiya, da "o" a fasfo. Harafi ɗaya ya mayar da Malam Abuja sau biyu.

Asabar, 3 ga Agusta

Shekaranjiya aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita. Sayayyar da na shirya yi a kasuwar Rimi ta tsaya.

Hajiya, surukata, ta aiko da kilishi ƙulli uku da galan ɗin man shanu. Malam ya durƙusa ya yi mata bayani cewa Tarayyar Turai ba ta bari a shiga da nama ko kayan madara daga waje, a filin jirgi za a ƙwace. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "To wace irin ƙasa ce za ka kai min jikoki da ba a shiga da man shanu?" Ba wanda ya amsa. Abin da zan ɗauka: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunun tsamiya, zoɓo. Da muciya, ko da za a yi min dariya.

Talata, 20 ga Agusta, Madrid

Mun sauka ranar Asabar ta Alƙahira. Auta ya yi kuka tun daga Kano har ya gaji ya yi barci a wuyan babansa. Mun kama ɗaki na mako uku kafin mu samu gida, yuro 1,300. Yuro ɗaya ya haura naira 1,700 a Agustan nan na 2024. Malam ya hana ni lissafi da naira, ya ce zan kamu da hawan jini.

Garin kamar an yi shara. Watan Agusta mutanen Madrid ke hutu, su tafi bakin teku ko ƙauyukan iyayensu, shaguna da yawa a rufe da takarda manne a ƙofa. Zafi irin na bazarar Kano ne, busasshe, sai dai rana ba ta faɗuwa sai wajen tara. Daren farko na ɗora abincin dare da shida kamar yadda na saba, yara suka ci, suka zauna suna jiran magariba awa uku. Ruwan famfo ana shan sa kai tsaye, daga duwatsun Guwadarama da ke arewa da gari yake zuwa. Kwana biyu na yi ina tafasa shi kafin na yarda.

Litinin, 26 ga Agusta

Neman gida. A nan ido ya raina fata.

Ana duba gidajen haya a shafukan intanet na Idealista da Fotocasa. Gida mai araha in ya fito da safe, kafin azahar an gama da shi. Masu gida suna neman takardar albashin wata uku da suka wuce, Malam kuwa sai 1 ga Satumba zai fara aiki, albashin farko sai ƙarshen wata. Ba gida sai da takardar albashi. Ba rajistar zama a gari, wadda suke kira padrón, sai da adireshi. Makaranta da asibiti kuma padrón suke tambaya. Takarda ce ke haihuwar takarda, mu kuma ba mu da uwar.

Ni ke kiran waya saboda Malam yana zirga-zirgar ofis. Na haddace jimla biyu da Sifaniyanci, amma da zarar an amsa min da sauri sai in koma Turanci, sai in ji ƙit. Wasu da suka saurara, da na ce yara uku, sai a ce an riga an ba da gidan. Washegari in ga tallar tana nan. Ba zan rantse a kan dalilin kowa ba, amma sau bakwai abu ɗaya ba ya zama tsautsayi.

Kuskurenmu kuma na rubuta shi don wani ya tsira. Mun ga gida mai ɗaki uku a unguwar Tetuán, yuro 850, kusa da masallaci. Mai tallar ya rubuto da Turanci mai kyau, ya ce yana wajen ƙasar, mu tura yuro 200 ya ajiye mana, wani zai kawo makulli. Turancin ne ya ruɗe ni, don na yi kwana tara ban samu wanda zan yi magana da shi ba. Muka tura. Ranar da aka ce mu je, muka tsaya a ƙofar ginin da yara fiye da awa ɗaya. Wata mata da ta fito da kare ta duba hoton a wayata ta girgiza kai. Lambar ta daina shiga. Malam bai ce min uffan ba, ya saya wa yara ayis kirim muka dawo. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Asabar, 31 ga Agusta

Gida huɗu muka duba a unguwannin Carabanchel da Vallecas. Babu. Saura kwana bakwai a ɗakin nan.

Alhamis, 5 ga Satumba

Alhamdu lillahi. Shugabar sashen su Malam ta rubuta wasiƙa, ta kuma kira wani dattijo, ɗan uwan wata ma'aikaciyarsu, mai gida a unguwar Ciudad Lineal. Ɗaki biyu da falo, hawa na uku, ba lif. Kenan a nan ma sai da hanya, sunanta ne kawai ya bambanta.

Haya yuro 1,050 a wata, rabin albashi cif. Doka ta ce a ajiye kuɗin wata ɗaya na jingina, fianza, kuma mai gida na iya neman ƙarin har na wata biyu. Ya nemi duka. Da hayar watan farko, yuro 4,200 muka zube a rana ɗaya. Kuɗin motar Malam da muka sayar da na sarƙata sun tafi a nan. Abu ɗaya da ya yi mana daɗi, tun 2023 doka ta ɗora la'adar dillali a kan mai gida.

Gidan da gado biyu da firji da injin wanki. Katifar yara da tukwane da bargo: yuro 310.

Alhamis, 12 ga Satumba

An yi padrón a ofishin gunduma. Fasfo biyar, takardar haya, takardun haihuwa. Kyauta, minti ashirin. Na fito riƙe da takardar kamar sakamakon jarrabawa.

Litinin, 23 ga Satumba

Yara sun fara makaranta, mako biyu bayan kowa. Wanda ya zo a makare ba ya zaɓar makaranta da kansa, akwai ofishin da ke duba inda gurbi ya rage. Karatu tilas ne daga shekara 6 zuwa 16, makarantar gwamnati kyauta ce, kuma shekarar haihuwa ake bi wajen aji, ba abin da yaro ya sani ba. Yaya, 'yar farin (ban iya kiran sunanta ko a rubuce), haihuwar 2015, aji huɗu. Na tsakiya, 2018, aji ɗaya.

An ba mu zaɓi a kan Yaya. Akwai wasu makarantu masu aji na musamman, aula de enlace, inda ake tara yaran da ba su jin yaren a koya musu na 'yan watanni. Wadda ke da gurbi sai an shiga jirgin ƙasa an sauya layi. Ta kusa da mu ba ta da shi, amma za ta ɗauki su biyun. Na zaɓi ta kusa. A matsayina na malama na san ajin zai fi mata, a matsayina na uwa mai goyo na san ba zan iya raba kaina gida biyu da ƙarfe tara na safe ba.

Yaya ta dawo ba ta ce komai ba. Da dare na ji tana kuka a bargo. Yarinyar da take ta ɗaya a ajinsu a Kano, ta ce, "Umma, ko sunan littafin ban gane ba." Na tsakiya kuwa ya dawo da kalma uku da abokin da bai san sunansa ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Daga wannan watan jadawalin makaranta ya koma kashi biyu: tara zuwa sha biyu da rabi, a tashi cin abinci, a koma biyu da rabi zuwa huɗu. Yaro na iya ci a makaranta, akwai ma tsarin abincin da ba alade in iyaye sun cike takarda, amma yuro 5.50 ne kowane yaro a rana. Yara biyu, sama da yuro 200 a wata. Ba mu da shi. Don haka sau huɗu nake zuwa makaranta a yini, da Auta a keken jarirai, in sauke keken daga hawa na uku in hau da shi. A Kano ƙanwar Malam ko almajirin gidanmu ne zai yi wannan, ban taɓa lissafa shi a matsayin aiki ba.

Malam ya yi Juma'a a babban masallacin da ke gefen titin M-30, wanda Saudiyya ta gina aka buɗe a 1992. Da ƙafa ake zuwa daga gidanmu. Akwai wani a Tetuán, masallacin Abubakar, ya girme shi da shekara huɗu. Ba a jin kiran salla a unguwa, waya ce ladaninmu.

Gobe za mu unguwar Lavapiés. Wani ɗan Senegal da Malam ya haɗu da shi a masallaci ya ce a can shagunansu suke, akwai gero, kuɓewa ɗanya, manja, har daddawa, su netetu suke ce mata. Nama muna saya wurin mahauci ɗan Maroko a bayan layinmu. A babban kanti kuwa na koyi kalma biyu kafin in koyi gaisuwa: cerdo da manteca, alade da kitsensa. Har cikin biskit da burodi mai zaƙi ake sa shi.

Talata, 15 ga Oktoba

An ɗauki hoton yatsu don katin zama, TIE. Ka'ida a nemi lokaci cikin wata ɗaya da shigowa, amma shafin da ake neman lokacin kullum cewa yake babu. Malam ya yi ta gwadawa da asuba har ya samu, kowa da nasa lokacin, a ofisoshi biyu. Akwai masu sayar da lokacin a bayan fage, har an ba mu lamba. Bayan abin da ya same mu a Tetuán ko kallonta ban yi ba. Kuɗin kati yuro 16 da 'yan kai kowane mutum, a banki ake biya kafin a je. Sai bayan kwana talatin zuwa arba'in a dawo karɓa.

Sufuri, a tsarin 2024: katin wata na Malam yuro 21.80 da rangwamen bana, na Yaya yuro 8, na tsakiya kyauta har ya cika bakwai. Ni tikitin hawa goma nake saya, 6.10, don ba inda nake zuwa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya cikin dare. Yanzu lokacinmu ɗaya da Kano har ƙarshen Maris. Inna ta ce ita ba ta gane yadda gwamnati ke taɓa lokaci ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Waya ba ta huta ba tun jiya. Ambaliya ta afka wa yankin Balensiya ranar Talata, mutane da yawa sun rasu, 'yan uwa sun gani a labarai an ce Sifaniya. Na yi ta bayani cewa tsakaninmu da can ya fi kilomita 300. Hotunan motoci a kan juna sun tuna min na Maiduguri a watan jiya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

Tsohuwar da ke ƙasanmu 'yar can ce. Na same ta a matakala tana share hawaye, ban da abin faɗa, sai na riƙe mata hannu. Da yamma na aika Yaya da kunun aya a jug, da 'yar ayar da na samo a Lavapiés. Sai ga ta ta hawo har hawa na uku, tana haki, tana cewa "horchata, horchata". Ashe abin shan garinsu ne. Chufa suke kiran aya, a gonakin Balensiya ake noma ta, abin da bai ishe su ba kuma daga Nijar da maƙwabtanta ake kawowa. Ta ce nawa ya yi citta da yawa. Yaya ce ta fassara min wannan, ban ma san ta kai nan ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Mako mafi wuya tun zuwanmu.

Auta ya kwana da zazzaɓi daren Litinin, 39 da rabi. Malam ya tafi taro garin Sabiya, sai Laraba. A gida da na leƙa kemis na karɓo maganin maleriya. A nan kantin magani ba ya ba da irin wannan ko maganin ƙwayoyin cuta sai da takardar likita. Da safe na kai manyan makaranta na wuce asibitin unguwa da katin lafiyarsa.

Likitar yara ta yi ƙoƙari, tana magana a hankali. Ta tambaye ni ko yaron yana "constipado". Kalmar ta yi kama da wata ta Turanci mai nufin taurin bayan gida, na ce a'a da ƙarfina, har ina kwatanta mata cewa yana yi sau biyu a rana. Ta dube ni, ta dubi yaron da majina ke zuba har baki. Ashe mura ake nufi. Shekara tara ina gyara wa 'yan mata Turanci, ga ni tsaye ban iya faɗin abin da ke damun ɗana ba. Da na buɗe manhajar fassara a waya hannuna rawa yake.

Da ta ji daga Najeriya muka zo wata uku da suka wuce, sai fuskarta ta sauya, ta rubuta takarda ta ce mu tafi babban asibiti yanzu a gwada maleriya. Sha biyu ta wuce, sha biyu da rabi ake tashin yara. Na tsaya a bakin titi da yaro a kafaɗa ina lissafin wa zan kira a garin da ke da mutum sama da miliyan uku. A Kano kafin in buɗe baki an samu mutum biyar. Na koma gida na buga ƙofar tsohuwar nan, na nuna mata agogo, na ce "niños, colegio", wato yara, makaranta. Ta ɗauki mayafinta. Na kira makaranta na haɗa su da ita a waya, don ba sa ba da yaro ga wanda ba a rubuta sunansa ba.

Awa biyar muka yi a asibiti. Ba maleriya, ciwon kunne ne. Ba a karɓi ko sisi ba, maganin kuma bai kai yuro 3 ba. Na dawo na tarar ta ba su wake da shinkafa, ta nuna min tukunyar tana cewa "sin cerdo", ba alade, sau uku.

Na gaya wa Malam a daren da ya dawo cewa ko za mu ci gāri da ruwa sai na shiga ajin koyon yare.

Litinin, 2 ga Disamba

Na fara. Cibiyar ilimin manya ta gwamnati, CEPA, kyauta, Litinin da Laraba shida zuwa takwas na yamma. An ce rajista ta rufe tun Satumba, na samu gurbin wata da ta daina zuwa. Malam zai riƙa dawowa da wuri ranakun. Ajinmu 'yan Maroko, Bangaladash, Yukiren, Sin, da ni.

Malamar ta rubuta kalmomin da suka samo daga Larabci: azúcar (sukari), aceite (mai), ojalá (Allah ya sa). Da ta rubuta alcalde, magajin gari, ta ce asalinsa al-ƙadi, na ɗaga hannu na ce mu ma muna da shi, alƙali. Karon farko da na faɗi abu a ƙasar nan aka rubuta a allo. Ta ce sunan Madrid kansa daga Mayrit ne, sansanin da sarkin Kurɗuba Muhammad na ɗaya ya gina a ƙarni na tara, kuma ragowar ganuwar tana nan kusa da babban cocin Almudena. Za mu kai yara ranar hutun 6 ga wata.

An karɓo katunan zama, huɗu. Na Auta sai mako mai zuwa.

Juma'a, 20 ga Disamba

Sanyi kamar hunturun Jos an ninka, da safe har ƙanƙara a gilashin motoci. Gari ba ya wayewa sai takwas da rabi. Gidanmu ba shi da ɗumamar gini gaba ɗaya, hita ce ta lantarki, ni kuma na bar ta a kunne dare da rana saboda Auta. Takardar wuta ta zo: yuro 187. Daga yau falo kawai, awa uku da yamma, sauran kuma bargo da safa.

Lissafin wata: haya 1,050, abinci 480, wuta 187, ruwa da waya da intanet 75, sufuri 45, kayan sanyin yara 120. Abin da ya rage bai kai a aika gida ba, kuma an fara tambaya. Duk wanda ya ji "Turai" ya gama yanke mana arziki.

Sakamakon zango ya fito. Yaya ta ci lissafi da Turanci, ta faɗi Sifaniyanci da ilimin zamantakewa. Malamarsu ta ce kada mu damu. Na tsakiya ya fara amsa min da "vale", wato "to", in na aike shi. Na kafa doka: daga ƙofar gida zuwa ciki Hausa kawai. Malam ne ya fara karya ta.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Yara sun koma bayan hutu. Sun ga jerin gwanon bikin Kiristoci na sarakuna uku ranar 5 ga wata, sun dawo da alawa cike da aljihu, na zauna ina karanta bayan kowace ɗaya ina ware masu gelatina don gudun alade.

Abin da ke gaba:

Takardar familia numerosa. A nan mai 'ya'ya uku "babban iyali" ne, har da rangwamen kashi 20 a sufuri. Da na gaya wa Hajiya ta yi dariya har da tari, ta ce ita da ta haifi goma sha ɗaya sai su ba ta jirgin kyauta. Takardun sun haɗu, saura hoto.

Neman wa Auta gurbi a makarantar rainon gwamnati idan an buɗe rajista da bazara. In ya samu, katina ya ba ni izinin aiki, kuma na ga cibiyoyin koyar da Turanci uku a unguwar nan.

Neman tallafin abincin makaranta na baɗi, da tambaya ko da sauran gurbi a ajin koyon yare don Yaya, ko da zango ɗaya ne.

Azumi farkon Maris. Kuka ta kusa ƙarewa, daddawa saura ƙulli biyu. Wani abokin aikin Malam zai je Abuja a Fabrairu, ya ce zai iya ɗauko mana kilo biyar. Na tura wa Inna jerin kayan, na ja layi biyu a ƙarƙashin "ban da kilishi".